Me ya sa haɗin gwiwar tattalin arzikin wasu yankuna ke ɗorewa, na wasu kuwa ya tsaya a takarda?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, kusan kowane yanki na duniya yana da ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki. Kullum shugabanni suna taro, suna sa hannu a yarjejeniyoyi, amma in ka cire Tarayyar Turai sai ka rasa wadda za ka nuna ka ce ga abin da ta tsinana. Ni a ganina kuɗin bai-ɗaya ne sirrin Turawa, kuma da sauran yankuna za su buga nasu, da an wuce wurin. Ko yaya Malam ya gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A nan kam ban goyi bayanka ba, kuma tarihin Turan kansa shi ne shaidata. Yarjejeniyarsu ta farko an sa mata hannu ne a 1951, kuɗin yuro kuwa bai fara aiki ba sai 1999, takardunsa da sulallansa ma ba su shiga hannun jama'a ba sai 2002. Shekara 48 ke nan suna ginin wasu abubuwa kafin su taɓa kuɗi.

Abin da suka fara da shi ƙarami ne a ido: kwal da ƙarfe. Ranar 9 ga Mayun 1950, shekara biyar kacal da ƙare yaƙin duniya na biyu, ministan harkokin wajen Faransa, Robert Schuman, ya kawo shawarar a ɗora waɗannan kaya biyu ƙarƙashin hukuma guda, tun da su ake ƙera makamai. Ƙasashe shida suka amsa: Faransa, Jamus ta Yamma, Italiya, Beljiyam, Holan da Luksambag. Yarjejeniyar Rum, wadda ta faɗaɗa haɗin zuwa sauran kasuwanci, ta biyo baya a 1957. A 1968 suka gama soke kuɗin fito a tsakaninsu, suka kuma daidaita abin da za su riƙa karɓa kan kayan waje. Sai a 1993 aka buɗe kasuwar bai-ɗaya, inda kaya da mutane da jari da ayyuka ke wucewa ba tsaiko.

Waɗannan su ne matakan da masana suka saba lissafawa, kuma kowanne yana cin wani yanki na ikon gwamnati. A matakin farko ana soke kuɗin fito tsakanin mambobi ne kawai, kowa na riƙe da nasa harajin kan kayan waje. Wannan ke sa dole a tsara ƙa'idar tantance asalin kaya, in ba haka ba ɗan kasuwa zai shigo da kayan waje ta ƙasar da ta fi rangwame, ya sake musu buhu, ya tsallaka da su kyauta. Kada ka ɗauka ƙaramar magana ce. A yarjejeniyar Amurka da Kanada da Meziko ta 1994, sai kashi 62.5 cikin ɗari na mota ya kasance an yi shi a yankin kafin ta wuce ba haraji, sabuwar yarjejeniyar 2020 kuma ta ɗaga shi zuwa kashi 75.

Amma abin da ke kashe irin waɗannan ƙungiyoyi, wanda ba a cika faɗa a wurin bikin sa hannu ba, shi ne rabon riba. Da zarar an buɗe iyakoki, masana'antu ba sa bazuwa ko'ina daidai wa daida. Suna tattaruwa ne inda dama akwai wuta da tashar jiragen ruwa da ƙwararrun ma'aikata, wato a ƙasar da ta riga ta fi ƙarfi. Ƙaramar ƙasa sai ta wayi gari ta zama kasuwar maƙwabciyarta. Masanin nan Jacob Viner ya nuna tun 1950 cewa haɗewar kwastan tana iya jawo asara ma. Ga misali: ƙasa tana sayen wani kaya daga nesa a kan 100, ta ɗora harajin 20, ya isa hannun mai saye a 120. Maƙwabciyarta tana yin irinsa a kan 110. Ranar da aka soke haraji tsakaninsu, na maƙwabciya ya kori na nesa. Mai saye ya sami sauƙin 10, baitulmali ya rasa 20, ƙasar kuma tana biyan 110 kan abin da take samu a 100. Gwamnatin da rabin albashinta daga kwastan yake fitowa ba za ta jure wannan da fara'a ba, kuma ban ga laifinta ba.

In kana son ganin yadda abin ke ƙarewa, dubi Ƙungiyar Gabashin Afirka ta farko. Kenya da Tanzaniya da Yuganda sun kafa ta a 1967, kuma a lokacin sun fi Turai haɗewa ta fuskoki da dama: jirgin ƙasarsu ɗaya, kamfanin jirgin samansu ɗaya, hukumar tashoshin ruwa ɗaya, gidan waya ɗaya. Har sulen bai-ɗaya sun yi amfani da shi zuwa 1966, kafin kowa ya kafa babban bankinsa. Ka ga su sun riƙe abin da kake kira sirri, suka kuma sake shi da hannunsu. Ƙorafin Tanzaniya da Yuganda shi ne Nairobi ce ke kwashe romon. An sa wani haraji na wucin gadi, an kafa bankin raya yankin domin cike giɓin, amma bai wadatar ba. Ana cikin haka Idi Amin ya yi juyin mulki a Yuganda a 1971, shugaban Tanzaniya Julius Nyerere ya ƙi zama da shi, majalisar shugabannin uku da ke riƙe da ragamar komai ta daina haɗuwa. A 1977 ƙungiyar ta wargaje, Tanzaniya ta rufe iyakarta da Kenya har zuwa 1983. Sai a shekarar 2000 aka sake tada ta.

Turawa ba su fi kowa kirki ba, sun dai gane cewa wanda ke asara sai an ba shi abin da zai riƙe shi a ciki. A 1975 suka kafa asusun raya yankunan da aka bari a baya, kuma yau kimanin kashi ɗaya cikin uku na kasafin Tarayyar a kan wannan manufa yake tafiya. Da kuɗin aka shimfiɗa hanyoyi da layukan dogo a Ayilan da Sifen da Fotugal da Girka, daga baya Folan da ta shigo a 2004 ta zama babbar mai cin gajiyarsa. Jamus da Holan suna zuba fiye da abin da suke karɓa, suna kuma mayar da shi ta hanyar kasuwar da aka buɗe wa kamfanoninsu. Afirka ma tana da irin wannan. Haɗakar kwastan ta Kudancin Afirka, wadda aka kafa tun 1910, tana tara kuɗin fito a tukunya ɗaya ne a raba, kuma rabon yana fifita ƙananan mambobi, har ya zama babban kaso na kuɗin shigar gwamnatocin Lesoto da Eswatini. Ana yawan rigima kan rabon, amma ta haura shekara ɗari ba wanda ya fice.

Sai batun wanda zai hukunta mai karya alkawari. Wani kamfanin sufuri na Holan, Van Gend en Loos, ya ƙalubalanci ƙarin harajin da kwastan ɗin ƙasarsa suka ɗora masa kan wani sinadari da ya shigo da shi daga Jamus. A 1963 Kotun Turai ta yanke cewa yarjejeniyar ta ba ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni haƙƙin da za su iya nema a kotunan ƙasarsu. Tun daga ranar kowane ɗan kasuwa ya zama mai gadin yarjejeniyar. Kwatanta da kotun ƙungiyar raya ƙasashen Kudancin Afirka, SADC, wadda ta yanke hukunci kan gwamnatin Zimbabuwe a 2008 game da ƙwace gonaki: Zimbabuwe ta yi biris, shugabannin yankin kuma, maimakon su tilasta mata, sai suka dakatar da kotun a 2010. Haka Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, alhali tana cikin ECOWAS mai tsarin sassauta kasuwanci, maƙwabta suka yi ta kuka, ba abin da ya biyo baya. Mai jarin da ke tunanin gina masana'anta domin kasuwar ƙasashe goma yana kallon duk wannan, kuma shi ne zai fara fasawa.

Cewa ban da Turai ba wadda ta tsinana komai, wannan ma akwai gyara. Ƙungiyar ƙasashen Kudu maso Gabashin Asiya, ASEAN, wadda Indunisiya da Malesiya da Filifin da Singafo da Tailan suka kafa a 1967, ba ta da kuɗin bai-ɗaya, ba ta kuma da kotu irin ta Turai. Abin da ya ɗinke ta masana'antu ne. Bayan darajar kuɗin Japan ta yi tashin gwauron zabo daga 1985, kamfanonin Japan suka kwashi aikinsu zuwa yankin, ana ƙera wannan sashe na mota ko na kwamfuta a nan, wancan a can, a haɗa a wani wuri. Yarjejeniyar sassauta kasuwancinsu ta 1992 ta tarar da cinikin ya riga ya kankama, ta share masa hanya kawai.

Wannan shi ne abin da ya fi damuna game da yankunan da ke fitar da ɗanyen kaya. Mai ɗanyen mai da mai koko da mai tagulla, me za su sayar wa juna? Kowa fuskarsa na kallon teku, hanyoyin dogon da aka gada ma daga ma'adinai zuwa tashar ruwa suka miƙe. Kimanin kashi 60 na cinikin ƙasashen Tarayyar Turai a tsakaninsu yake, na Afirka a rubuce bai kai kashi 20 ba, ko da yake ɗimbin kayan da ke ƙetara iyaka ba tare da an rubuta ba suna nufin gaskiyar ta ɗara haka. Yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta nahiyar, da aka sa wa hannu a Kigali a 2018, za ta rage haraji, amma direban da ke kwana a bakin iyaka yana jiran takarda ba haraji ne ya tsayar da shi ba. Shi ya sa nake ba ayyukan haɗin gwiwa marasa amo daraja. Mali da Muritaniya da Senegal sun kafa hukumar kogin Senegal a 1972, suka gina madatsun Manantali da Diama a matsayin mallakar tarayya, suna raba wuta da ruwa. Burazil da Faragwai ma haka suka yi a madatsar Itaipu.

Dawo ga kuɗi. Ƙasar da ta shiga kuɗin bai-ɗaya ta sallama abu biyu: ikon tsayar da kuɗin ruwa, da ikon karya darajar kuɗinta in ta shiga matsi. Girka ta ɗanɗana. Da bashi ya yi mata katutu a 2010, ba ta da kuɗin kanta da za ta karya, sai ta karɓi lamunin ceto na yuro biliyan 110 bisa sharaɗin tsuke bakin aljihu, rashin aikin yi ya haura kashi 25 cikin ɗari. Ƙasashe takwas na Yammacin Afirka kuwa sun daɗe da sefa ɗaya da babban banki ɗaya a Dakar. Sun sami sauƙin hauhawar farashi, wannan gaskiya ne, amma cinikin da ke tsakaninsu bai yi ko kusa da na Turai ba. Kuɗin Eko da ECOWAS ke ta ɗage ranarsa, yanzu zuwa 2027, yana cijewa ne domin mambobin sun kasa cika sharuɗɗan da suka gindaya wa kansu kan hauhawar farashi da giɓin kasafi.

Inda kake da gaskiya shi ne rikicin canji yana iya rusa ciniki. A Janairun 1999 Burazil ta karya darajar kuɗinta, alhali Ajantina ta ɗaure nata ɗaya da ɗaya da dala. Kayan Burazil suka yi araha, masana'antun Ajantina suka koka, aka koma kafa wa juna shinge, cinikin ƙungiyarsu ta Kudancin Amurka, Mercosur, ya faɗi warwas. Sai dai maganin wannan yana da matakai kafin a kai ga buga kuɗi ɗaya. Turawa sun fara da tsarin daidaita canjin kuɗaɗensu a 1979, shekara 20 kafin yuro. A Afirka kuma an ƙaddamar da tsarin biyan kuɗi na PAPSS a birnin Akara a Janairun 2022, domin mai saye ya biya da kuɗin ƙasarsa, mai sayarwa ya karɓa da nasa, ba sai an bi ta dala ba.