Ku Tambaya, Mu Amsa: Sunayen Sarakuna da 'Ya'yan Sarauta a Wikipedia

Wasiƙun wannan makon sun fito ne daga masu rubutu a Wikipedia ta Hausa, kuma duk a kan gidajen sarauta suke. Mun zaɓi huɗu.

TAMBAYA: Na rubuta muƙala na sa mata suna "Mai Martaba Marigayi Alhaji Dokta Ado Bayero". Kafin gari ya waye wani edita ya haɗe ta da wata tsohuwa mai suna "Ado Bayero" tsurarsa. Wannan ba raini ba ne ga sarki?
Mai karatu daga Fagge, Kano

AMSA: Malam, ba raini ba ne. Sunan muƙala adireshi ne da mai bincike zai bi ya iske ta, wurin kirari daban yake. Wanda ke neman tarihin sarkin da ya yi mulki daga 1963 zuwa 2014 "Ado Bayero" zai rubuta. In kowa ya jera kalmomin girmamawa yadda ya ga dama, wani ya fara da Alhaji, wani da Mai Martaba, wani ya ƙara Takawa, sai a wayi gari mutum ɗaya yana da muƙala biyar, ana gyara ɗaya ana barin huɗu da kuskure. Abin da ya faru da kai ke nan: ka rubuta abin da ke akwai domin sunan da ka nema da shi ba shi ne a kai ba.

Akwai kuma dalili na biyu. Alhaji, Marigayi, Dokta, duk abubuwa ne da ke shigowa rayuwar mutum daga baya. Sarautar ma haka take. Aminu Ado Bayero ya riƙe Wamban Kano, ya zama Sarkin Bichi a 2019, ya zama Sarkin Kano a 2020. Da sunan muƙalarsa na bin sarauta, da an yi ta ɗaga ta ana sauke ta. Masu Wikipedia ta Turanci sun sha wannan wahalar: ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth II ta rasu, dole aka sauya sunan muƙalar ɗanta daga Yariman Wales zuwa Charles III, aka bi na matarsa da na ɗansa da na surukarsa. Ka sa sunan da aka fi sanin mutum da shi a sama, sarautu da lambobin girma kuma ka jera su a jimlar farko, kowacce da shekararta.

TAMBAYA: Sarakunanmu sunayensu na maimaituwa. Yaya zan raba Muhammadu Bello na Sakkwato da na Kano? Kuma yaushe ake sa lamba irin I, II, III?
Ɗaliba daga Samaru, Zariya

AMSA: Malama, nan ne aikin yake. Hanya uku ce, kuma a jere ake bin su.

Ki fara duba laƙabi. Bahaushe ya riga ya warware rabin matsalar tun kafin a ƙirƙiro intanet. Kano ta yi Abdullahi ɗan Dabo da Abdullahi Bayero, amma ba wanda ke ruɗewa, domin na farkon Abdullahi Maje Karofi ake ce masa, da sunan garin da ya rasu. Haka Usman Maje Ringim da Abbas Maje Nasarawa, haka Muhammadu Rumfa. In littattafan tarihi sun san mutum da laƙabi, shi ne sunan muƙala.

In babu tsayayyen laƙabi, sai a koma ga lamba, da sharaɗin cewa ba ke kika ƙirga ba. Muhammadu Sanusi I, wanda ya bar gadon sarauta a 1963, da jikansa Muhammadu Sanusi II, wanda aka naɗa a 2014, lamba ta dace da su domin fada da jaridu duk haka suke kiran su. Amma edita ya zauna ya ƙirga Muhammadu nawa aka yi a Kano ya raba musu lambobi, wannan ƙirƙira ce. Ƙidayar ma ta dogara ne da inda aka fara. Ana ce wa Sarki Usman na 1919 zuwa 1926 Usman II domin daga zamanin Fulani ake lissafi. Wanda ya fara daga Bagauda zai ci karo da Usman Zamnagawa tun ƙarni na 14, lissafi ya rushe.

Ki yi hattara da Sakkwato. Sarkin Musulmi Siddiq Abubakar III shi ne ya yi mulki daga 1938 zuwa 1988, na uku a bayan Abubakar Atiku da Abubakar Atiku na Raɓa. Ɗansa Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, jaridu da yawa suna liƙa masa wannan III ɗin a ƙarshen suna. Mai neman "Abubakar III" zai iya nufin uban ko ɗan. Kada wannan suna ya zama na ɗayansu. A yi masa shafin rarrabewa, wato ɗan gajeren shafi mai layi biyu, kowane layi da cikakken suna da shekarun mulki da mahaɗa zuwa muƙalar.

Hanya ta uku ita ce ƙara sarauta a bayan suna, kuma ita ce maganin tambayarki ta farko. Muhammadu Bello ɗan Shehu, wanda ya riƙe Sakkwato daga 1817 zuwa 1837, shi ne wanda galibin masu bincike ke nema, don haka shi ke riƙe sunan ba ƙari. Na Kano, wanda rasuwarsa a 1893 ta buɗe ƙofar Basasa, sai a ƙara masa "Sarkin Kano" a cikin baka. A saman muƙalar ɗan Shehu kuma a sa layi ɗaya da zai kai mai karatu wurin na Kano.

Duk sunan da kika zaɓa, ki yi wa sauran sunayen shafin turawa, wato shafin da ke tura mai bincike zuwa muƙalar. Ana buɗe shafi da ɗaya sunan, a rubuta #REDIRECT sannan sunan muƙalar a cikin baka mai kusurwa biyu-biyu. Sanusi Lamido Sanusi, sunan da aka san shi da shi lokacin da yake gwamnan Babban Bankin Najeriya daga 2009 zuwa 2014, ya kai mutum ga Muhammadu Sanusi II. Haka Muhammad da Mohammed, haka rubutu mai ƙugiya da marar ƙugiya, tunda wayoyi da yawa ba su da ɗ da ƙ, mai neman Ɗanfodiyo "Danfodiyo" zai buga. Kuma in za ki sauya wa muƙala suna, ki yi amfani da maɓallin sauya suna. Kwafe rubutu a manna a sabon shafi yana yanke tarihin gyare-gyare, sunayen waɗanda suka yi wahalar rubutun su ɓace, kuma sai mai gudanarwa, wato editan da aka ba iko na musamman a Wikipedia, ne zai iya ɗinke su.

TAMBAYA: Ina so in yi wa matan sarki da 'ya'yansa muƙala ɗaya bayan ɗaya. Ya halatta?
Mai karatu daga Maraɗi

AMSA: Jinin sarauta kaɗai ba ya ba mutum muƙala. Ana duba ko amintattun littattafai ko jaridu sun yi rubutu mai zurfi a kan shi kansa. Nana Asma'u tana da muƙala saboda waƙoƙinta da tsarin 'Yan Taru da ta kafa, ba don kawai 'yar Shehu ce ba. Wanda ba a san komai a kansa ba sai sunan ubansa, layi ɗaya a sashen iyali na muƙalar sarkin ya wadatar. Matan cikin gida da yara ƙanana da ke raye, in sunayensu ba su fito a wata majiya da aka wallafa ba, a bar su. Abin da ka ji a bakin dogari ko a wurin biki ba majiya ba ce.

Ka lura kuma da sarautun mata. Mai Babban Ɗaki sarautar mahaifiyar Sarkin Kano ce, mata da dama sun riƙe ta. Muƙala mai wannan suna ta yi bayanin sarautar, kowace mai riƙe da ita a kira ta da sunanta.

TAMBAYA: Wajen rukuni fa? Na ga an zuba sarakuna da hakimai da 'ya'yan sarki duk a wuri guda.
Malamin makaranta daga Katsina

AMSA: Malam, rukuni shafi ne da ke tattara muƙaloli masu alaƙa, kuma a nan a raba kujera da jini. Rukunin "Sarakunan Zazzau" na waɗanda suka hau gado ne kawai. Rukunin gida kuma na duk wanda ya fito daga zuriyar ne, ya yi sarauta ko bai yi ba. Zazzau ce ta fi nuna amfanin wannan, da gidajenta huɗu: Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa. Shehu Idris, 1975 zuwa 2020, zai shiga rukunin sarakuna da na Katsinawa. Ahmed Nuhu Bamalli da ya gaje shi zai shiga na sarakuna da na Mallawa. Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe rukuni da sunan kowane sarki a cusa 'ya'yansa, sannan a cusa rukunin ɗan a cikin na uban. A gidan Dabo, inda wa da ƙane da ɗan wa suka yi ta karɓa daga hannun juna, kafin a kai jika na uku rukunan sun sarƙe.

Dangantaka wurinta Wikidata, rumbun bayanai da ke haɗe da Wikipedia, inda kowane irin bayani ke da lambarsa mai farawa da P. Uba P22 ne, uwa P25, ɗa ko 'ya P40, abokin aure P26, gidan sarauta P53. Sarauta ana shigar da ita a P39, a ƙara mata ranar hawa a P580, ranar sauka a P582, wanda aka gada a P1365, magaji a P1366. Uwa ba abin tsallakewa ba ce in majiya ta ambace ta, domin a gida mai ɗakuna da yawa ita ke nuna waɗanda suke ciki ɗaya.

Wanda ya hau sau biyu, shigarwa biyu ake yi masa. An tuɓe Sanusi II a watan Maris 2020, gwamnatin Kano ta mayar da shi a watan Mayu 2024, shi ya sa ake kiransa na 14 kuma na 16. Aminu Ado Bayero, na 15, bai amince da cire shi ba, magana ta kai kotu. A irin wannan hali edita ba alƙali ba ne. Ya rubuta abin da gwamnati ta yi da ranarsa, abin da kotu ta ce da ranarsa, kowanne da majiyarsa, a muƙalolin mutanen biyu daidai wa daida. In aka fara ja-in-ja ana goge wa juna gyara, a tsaya a koma shafin tattaunawa, ko a roƙi mai gudanarwa ya kulle muƙalar na ɗan lokaci.