Abin da ke haɗe gashin buroshi idan ya fito daga ruwa

Ka tambaye ni, ɗana, me ya sa gashin buroshin fenti ke bajewa a cikin ruwa, amma da ka ɗaga shi sai ya haɗe ya yi tsini. Ba nauyin ruwa ba ne. Saman ruwa, inda ya haɗu da iska, kullum ƙoƙarin tsukewa yake, shi ya sa ƙwaro ke tafiya a kan tafki bai nutse ba. A cikin gwangwanin ruwa babu iska tsakanin gashin, don haka ba abin da ke jansa. Da ka fito da shi, ɗan ruwan da ya maƙale tsakanin sili da sili sai ya tsuke, ya lanƙwaso su wuri guda.

Jan nan ba shi da ƙarfi: kimanin milinyuton (ɗan ƙaramin ma'aunin ƙarfi) 72 a kowace mita ga ruwa zalla. Ba zai motsa ƙusa ba, sai abu mai laushi ko siriri. Nan ne zaɓen buroshi ya shigo. Silin da ya ninka wani kauri ya fi shi wuyar lanƙwasawa sau 16, wanda kuma ya ninka tsawo ya fi saurin lanƙwasawa sau 8 idan an danna bakinsa. Shi ya sa buroshin rubutun allon talla yake da dogon gashi siriri, na bango kuma kauri gare shi. In ka je Kasuwar Wunti ta Bauchi sayen buroshi, jiƙa na rubutu ka yarfe shi sau ɗaya. In bakin ya rabu biyu, bar musu kayansu.

Kananzir da ruwan sabulu jansu bai kai rabin na ruwa zalla ba, don haka tsinin da suke bayarwa sako-sako ne. Kada ka gwada buroshi da su.

Inda yara ke ɓata kaya shi ne wajen shanya. Da hunturu a Bauchi, nan da nan ruwa ke bushewa. In da sauran fenti a gindin gashin, zai daskare a yadda ruwan ya haɗe shi, gobe ka tarar da ƙulli-ƙulli masu ja maka layi a bango. Wanke har ruwan ya fito fari tas, ka taje gashin da yatsa, ka rataye shi baki ƙasa. Kada ka tsayar da shi kan gashinsa a gwangwani ya kwana, zai karkace, ruwan kuma ya kumbura ƙotar har ƙarfen wuyan ya saki.