Ɓeran Masar na zubar da gashi: amsar tambayoyin masu kiwo

Tambayoyi uku suka iso mini a wannan karon, dukkansu a kan ɓeran Masar, ɗan dabbar nan marar wutsiya da yaranmu ke ajiyewa a gefen akurkin zomaye. Sunan kawai Masar ta ci. Asalinsa tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka, inda mutanen Peru ke kiwonsa don nama har gobe.

Wani magidanci daga Zariya ya ce: “Yarona yana da guda shida. Biyu sun kama susa ba dare ba rana, gashin wuya da kafaɗa ya zube, fatar ta yi ɓawo. Ɗaya har faɗuwa yake yi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Maƙwabcina ya ce in shafa musu baƙin mai. In shafa?”

Malam, kada ka shafa. Ɓeran Masar lasar jikinsa yake yi, abin da ka sa wa fatarsa cikinsa zai tafi. Baƙin mai da kananzir da fiya-fiya duk guba ne ga dabbar da da ƙyar take wuce kilo ɗaya. Yadda ka kwatanta, ƙirci ne ya fi kama da abin da ke damunsu. Wani mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani ke haƙa rami a cikin fata yana saka ƙwai. Faɗuwar nan kuwa tsananin ƙaiƙayi ne ke kawo ta, musamman in an taɓa wurin, don haka a hana yaro yawan ɗaukarsa.

Kafin ka yanke hukunci, ɗauki ɗaya ka fita da shi haske, ka buɗa gashin bayan kunne da na gadon baya da yatsa. In ka ga wasu farare sirara suna motsi, da ƙwayayensu manne a jikin silin gashi, wannan ƙwarƙwata ce, kuma ta fi sauƙi. In ba ka ga komai ba sai amosani da kurji da zanen farce, ƙirci ne. Ɗan filin nan marar gashi da ke daidai bayan kowane kunne kuwa halitta ce, kowane ɓeran Masar yana da shi.

Maganin da likitocin dabbobi ke bayarwa shi ne Ivermectin, wanda ake yi wa awaki da shanu. Matsalar tana wurin awo. Wanda aka saba sayarwa yana da miligiram 10 a kowace mililita, shi kuwa ɓera mai kilo ɗaya bai buƙatar fiye da miligiram 0.4, wato bai ma cika ɗigo guda ba. Wannan ba aikin kintace ba ne. Kai su wurin likitan dabbobi ya auna nauyinsu, ya ja maganin da ƙaramin sirinji. Ana maimaitawa bayan kwana 10 zuwa 14, sau biyu ko uku, saboda maganin ba ya kashe ƙwai. Kuma duka shidan za a yi wa, har waɗanda ba su fara susa ba. A kwashe shimfiɗarsu a ƙone, a wanke akurkin ya sha rana.

Wata uwa daga Gusau ta ce: “Namu ba ya susa sosai, amma gashi ya zube a zagaye kusa da hancinsa, kamar an ɗora kwabo. Yanzu ga irin tabon a hannun ’yata.”

Hajiya, makero ne, kuma da wuya in ba a jikinsa yarinyar ta ɗauka ba. Ita a kai ta asibiti. Shi kuma a ware shi, a riƙa shafa masa man makero irin su Clotrimazole sama-sama, safe da yamma, a riƙe shi na ɗan lokaci kada ya lashe. Makero yana da naci, yakan ɗauki makonni, kuma in tabon ya yi yawa sai likita ya haɗa da na sha. Akurki a wanke shi da bilicin wanki, kashi ɗaya cikin ruwa kashi goma, a bar shi ya bushe ƙarƙaf kafin a mayar da kowa. Duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu.

Ta uku daga wani matashi ne a Maraɗi: “Macen ɓerana tana da ciki, gashin kuiɓinta biyu ya yi shara-shara, ba susa ba kurji. Tun shigowar rani dusa da harawa nake ba su.”

Ɗan’uwa, abu biyu ne suka haɗu. Cikin ɓeran Masar yana kai kimanin kwana 59 zuwa 72, kuma macen tana iya karɓar namiji cikin ’yan sa’o’i bayan ta haihu. In suna ɗaki ɗaya kullum, tana shayarwa tana ɗauke da wani cikin, dole gashi ya faɗa maka. Fitar da namijin kafin ta haihu, ka bar ta ta huta, gashin zai tsiro da kansa.

Na biyun shi ne abincin, kuma a nan masu kiwonmu suka fi yin sakaci, domin suna ɗaukarsa tamkar zomo. Zomo jikinsa yana haɗa bitamin C da kansa. Ɓeran Masar ba ya iyawa, kamar ɗan Adam yake, sai ya ci a abinci kullum. Babba yana buƙatar wajen miligiram 10 a kowane kilo na nauyinsa a rana, mai ciki har ninki uku. Dusa da busasshiyar harawa ba su da abin kirki. Da damina ɗanyar ciyawa ke rufa asiri, rani na shigowa sai ka ga gashi ya yi ƙiri-ƙiri, gaɓɓai sun kumbura, dabba tana ɗingishi, dasashi na jini, ƙirci da makero su samu ƙofa. Yankin tattasai ko na gwaiba kowace rana, da ɗan kabeji ko ɗanyen zogale, sun isa. Ban cika son zuba ƙwayar bitamin a ruwan sha ba, nan da nan take lalacewa, wasu kuma su ƙi ruwan. Harawar kada ka daina ba su, tana rage musu tsawon haƙora, kuma in ba abin tauna sukan koma tsigar gashin juna.

Ku ukun duka, in kurji ya yi ruwa kada wanda ya ɓalle kafso ya ba shi. Ampiclox da Amoxicillin da duk dangin fenisilin suna kashe ƙwayoyin da ke narkar masa da abinci a hanji, sai zawo ya biyo baya, cikin ’yan kwanaki a wayi gari ya mutu. A wanke ciwon da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, zaɓen magani kuma a bar wa likita.