Me ya sa ake buɗe dam lokacin da fadama ta riga ta cika?

Tambaya: Ni manomin shinkafa ne a fadamar Augie. Duk shekarar da damina ta yi ƙarfi sai mu ji an sako ruwan Goronyo da Bakolori, kwana kaɗan shinkafa ta nutse. Me zai hana a riƙe ruwan har mu yi girbi? (Wani mai karatu daga Augie, jihar Kebbi)

Amsa: Malam, Allah ya mayar da alheri. Ranar da dam ya cika, riƙe ruwa ya fi ƙarfin kowa. Goronyo, wanda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, an gina shi ya ɗauki kubik mita miliyan 942. Bakolori na kusa da Talata Mafara, a kan gulbin Sakkwato, na 1978, miliyan 450. Yawancin bangonsu ƙasa ce aka danne. Idan ruwa ya haura irin wannan bango zaizaye shi yake yi har ya ɓalle, kuma abin da zai gangaro ba zai tsaya kan shinkafa ba, har garuruwa zai ci. Dole a buɗe ƙofofi.

Inda magana take shi ne watan Yuni da Yuli, tun kafin malka. Dam yana tare ambaliya ne gwargwadon wurin da aka bar masa fanko, shi ya sa kowane dam ke da jadawalin matakin da ruwa zai tsaya a kowane wata. Sai dai ma'aikacin dam yana tsakanin tsoro biyu. In ya rage ruwa da wuri kuma damina ta ɗauke, masu noman rani za su rasa, ruwan shan birnin Sakkwato zai ragu, ga zafin Maris da Afrilu da ke shanye ruwan tafki ba kaɗan ba. In ya cika da wuri, ruwan Agusta da Satumba ya iske shi ba masauki, sai ya sake shi gaba ɗaya. A ganina tsoron farko ne ke yawan rinjaya, domin dam maras ruwa kowa na ganinsa, ambaliya kuwa ana iya jingina ta ga ruwan sama. Mutanen ƙasar Goronyo ba su manta da ambaliyar Satumban 2010 ba.

Ga kuma yashi da taɓo da gulabe ke zubawa a ciki shekara da shekaru. Adadin da ke takarda ba shi ne cikin dam na yau ba.

Ku na Augie kuna ƙasan mahaɗar gulbin Sakkwato da Rima. Idan dam biyun suka saki ruwa lokaci guda, a kanku ruwan ke haɗuwa. Tunda duka suna ƙarƙashin Hukumar Raya Kogin Sakkwato da Rima, ana iya tsara su, wannan ya saki, wancan ya ɗan jinkirta. Amma fa ba duk ruwan da ke cin gona ne ya bi ta dam ba. Wanda ya sauka ƙasan dam babu mai tare shi. Na wajen Bunza zuwa Bagudo kuwa ga gulbin Zamfara, ga kogin Neja da in ya cika yake hana Rima zubewa, ruwa ya kwanta a fadama.

Don haka kada ƙungiyarku ta nemi a riƙe ruwa, wannan roƙon shi ke jawo sakin gaggawa. Ku nemi a fara saki kaɗan-kaɗan tun Yuli, a riƙa faɗin matakin ruwa a rediyo, a kuma sanar da hakimai kwanaki kafin a ƙara buɗe ƙofa. Hukumar NIHSA, mai sa ido kan ruwan koguna a Najeriya, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina ta kankama, ku nemi abin da ta ce kan ƙaramar hukumarku. In shekarar ruwa ce, gonar da ke kwari a bar ta sai rani, ta tudu a shuka mata iri mai saurin nuna kamar FARO 44 da ruwan farko.