Mai minshari da ɗaukewar numfashi: me ya sa mura ke kayar da shi?

Tambaya: Likita, maigidana yana da shekara 54, yana da ƙiba da hawan jini. Cikin barci sai ya yi minshari, numfashinsa ya ɗauke, can sai ya zabura. Duk hunturu mura kan kwantar da shi. Ɗanmu mai shekara 4 ma ya fara minshari. Akwai haɗari? Daga wata baiwar Allah, Anguwan Rogo, Jos.

Amsa: Hajiya, akwai. Wannan lalura ita ce ɗaukewar numfashi cikin barci (sleep apnea): idan ya yi barci, naman maƙogwaro kan saki ya toshe hanyar iska na daƙiƙa 10 ko fiye. In hakan ya wuce sau 30 a awa ɗaya, ciwon ya yi tsanani. Mura ko korona na kumbura hanci da maƙogwaro, hanyar da dama ta matse sai ta ƙara matsewa, iskar oksijin a jini ta riƙa faɗuwa da dare. Shi ya sa da rana za ki gan shi garau, asuba ta yi ya tashi da ciwon kai. Lokacin korona an lura masu wannan lalura sun fi kwanciya a asibiti, ko da yake ƙiba, hawan jini da ciwon suga na da nasu hannun.

Abin da na fi tsoro shi ne maganin da ake saya a kemis. Maganin barci, maganin tari mai kodin da Piriton duk suna ƙara sassauta maƙogwaro. Ya kwanta ta gefe, a ɗaga masa kai. In yana da na'urar CPAP, wadda ke hura masa iska ta hanci lokacin barci don hanyar ta zauna a buɗe, kada ya ajiye ta saboda mura. A wanke abin rufe hancin na'urar kullum, a tanadi batir saboda ɗauke wuta, ya kuma kwana ɗaki daban don iskarta na watsa ƙwayar cutar. Ki sayi abin auna oksijin na yatsa: in yana farke ya nuna ƙasa da 92, sai asibiti.

Yaron kuwa, yawanci tansil (naman gefe biyu na cikin maƙogwaro) ne da naman bayan hanci suka yi girma, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke dubawa. Cire beli wajen wanzami ba ya magance wannan. In yana mura, ki ƙirga numfashinsa: sau 40 ko fiye a minti ɗaya, ko ƙasan ƙirjinsa na lotsawa ciki, ki kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.