Tambaya da Amsa: Saba tana gudu rabin awa sai ta koma jan ciki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ina yi ma makarantun kuɗi fotal ɗin duba sakamako, na ɗora shi a AWS, inda kamfanin Amazon ke ba da hayar saba, wato kwamfutar da fotal ke zaune a kai. Ranar da anka saki sakamako da safe abin na gudu lafiya lau, bayan kamar rabin awa sai ya koma jan ciki, iyaye na ta kira, shugabar wata makaranta har cewa ta yi in maido mata kuɗinta. Na ƙara RAM ba abin da ya canja wlh. Faifan gp2 ne, gig 100. Mi ke faruwa dan Allah?
Wani mai karatu daga Tudun Wada, Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kuɗin RAM ɗin nan dai sun tafi sai haƙuri, don ba nan ciwon yake ba, faifan ne aka yi wa takunkumi. Akwai abin da ake kira IOPS, wato sau nawa faifai zai iya karatu ko rubutu cikin daƙiƙa ɗaya, kuma gp2, nau'in faifan da ka kama haya a AWS, na ba ka 3 ne kan kowane gig, kaga naka 300 kenan kacal. To amma Amazon na haɗa ka da randa cike da kiredit miliyan 5.4 wadda za ka riƙa ɗiba har ka kai 3,000, shi ya sa da safe kake ganin kamar ka hau jirgi. Yi lissafin da kanka: ana zuba maka 300 kana kwasar 3,000, giɓin 2,700 kenan, raba miliyan 5.4 da shi zai ba ka daƙiƙa 2,000, minti 33 da ɗan wani abu. Ga rabin awanka nan. Kuma kafin randar ta sake cika sai faifan ya huta awa 5, ranar sakamako kuwa wa zai bar shi ya huta?

Shiga CloudWatch, shafin AWS mai nuna yadda saba ke aiki, ka duba BurstBalance, wato abin da ya rage a randar, na ranar, in ka ga ya faɗo sifili magana ta ƙare. Ka maida faifan gp3, wanda suka fito da shi a Disambar 2020, shi yana ba ka 3,000 ɗin a tsaye da mega 125 a daƙiƙa komai ƙanƙantarsa, ya ma fi araha, kuma ana canjawa saba na kunne.

TAMBAYA: Malam mu da abokina muna da 'yar sabarmu ta OpenStack, manhajar da ake raba saba da ita, muna ba mutane haya. Akwai kwastoma guda in ya fara bakof, wato kwafe bayanansa don ajiya, sai kowa ya tsaya, har mai shagon magani ya kasa fitar da rasit. In kore shi ne?
Daga Talata Mafara

AMSA: A'a kar ka kori mai kawo maka kuɗi, laifin naka ne da ka bar ƙofa a buɗe. Kai da ke kusa da madatsar ruwan Bakolori ai ka sani, in ba a tsare ƙofar kanal ba na sama ne zai cika gonarsa na ƙasa ya zuba ido shinkafarsa na bushewa, kuma ba mugunta ya yi ba, ruwa ya gani ya ɗiba.

A Cinder, sashen OpenStack mai kula da faifai, ana ƙirƙirar QoS ne, wato dokar da ke iyakance abin da kowa zai ɗiba, sai a ɗaura shi kan nau'in faifai, ba kan faifai ɗaya-ɗaya ba, don haka ka yi nau'i biyu ko uku, na talaka da na mai hali, kowa da farashinsa. Ka zaɓi front-end in kana so sabar da kwamfutar kwastoman ke kai ta riƙe linzamin, shi ya fi sauƙi, back-end kuwa na'urar ajiyarka ce za ta riƙe, sai in ta iya. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne su sa total_iops_sec, wato iyakar IOPS, kaɗai su tafi shan shayi, alhali bakof manyan loma yake yi, in ka ba shi 500 kuma kowace loma mega 1 ce ai mega 500 kenan a daƙiƙa, ya cinye hanyar kaf ba tare da ya karya dokarka ba. Dole ka haɗa da total_bytes_sec, iyakar yawan bayanan da za su wuce a daƙiƙa. Kar kuma ka sa iyakar jimilla (total) tare da ta karatu (read) da ta rubutu (write) na abu guda, libvirt, manhajar da ke aiwatar da dokar, ba ya karɓa, ɗaya za ka zaɓa. Mai shagon magani ka ba shi total_iops_sec_max, damar wuce iyakar na ɗan lokaci, ya samu ɗan sarari lokacin da layi ya yi tsawo.

Lambar da za ka sa kuma ba daga ka ake ɗauko ta ba, ka gwada ƙarfin faifanka da manhajar fio cikin dare, ka kalli iostat, mai nuna aikin da faifai ke yi, na kamar sati guda tukun. Sannan dokar ba ta hawa faifan da ke maƙale tun da, sai an cire shi an sake maƙalawa, to ka kira mutumin naka ku sa lokaci bayan Isha'i ka yi masa.