Dutsen kabari zai kai mu ga asalin kakannin mijina a Ayalan?

Tambaya: Malam, mijina ɗan Ayalan ne, ina son 'ya'yanmu su san dangin ubansu. An nuna mana maƙabartar wata tsohuwar coci a yankin Cork, aka ce nan kakanninsa suke kwance. Rubutun kan duwatsun ya isa mu gano asalinsu?

Amsa: 'Yar'uwa, dutsen zai ɗora ki a hanya, amma sai kin haɗa da takardu. Abin da ya ƙara masa daraja a Ayalan shi ne sai 1864 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da mutuwa, sannan gobarar ofishin adana takardu na Dublin a 1922, lokacin yaƙin basasa, ta lashe kusan duk takardun ƙidayar 1821 zuwa 1851. Mutumin da ya rasu a 1830, wani lokaci dutsensa ne kaɗai shaidar da ta rage.

Kada sunan mamaci ya ɗauke miki hankali. Masu sunan dangi Murphy da Sullivan sun cika Cork maƙil. Ki nemi sunan 'yar unguwar karkarar da suka fito, wadda suke kira townland, domin irinsu sun haura 60,000 a tsibirin, kuma da ita ake bambanta wannan gida da wancan. A ganina ita ce mafi daraja a jikin dutsen. Ki duba wanda ya kafa shi, ba mamaki ɗa ne da ya aiko kuɗi daga Boston ko New York, ga reshen dangi ya fito. Idan an rubuta kalmar alias bayan sunan mace, abin da ya biyo baya galibi sunan gidan ubanta ne. Kaburburan da ke maƙwabtaka ma ki kwafe su, dangi kan kwanta wuri ɗaya.

In rubutun ya dushe, ki je da hantsi ko la'asar, ko ki haska tocila daga gefe, sai inuwa ta cika ramin kowane harafi. Ruwa zalla ya isa. Don Allah ban da burushin ƙarfe da sinadarin wanki, suna cinye dutsen.

Shekarun mamaci kuwa ki yi taka-tsantsan da su, domin akan sassaƙa dutse bayan an daɗe da rasuwa, da abin da aka tuna. Ki gwada su da rajistar cocin Katolika da Ɗakin Karatu na Ƙasar Ayalan ya sa a intanet kyauta a 2015, da ƙidayar 1901 da 1911, da kundin ƙimanta filaye na Griffith na 1847 zuwa 1864.

In ba ku sami dutse ba, kada ranki ya ɓaci. Talaka bai iya biyan masassaƙi ba, kuma cikin kusan mutum miliyan ɗaya da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe, da yawa rami ɗaya aka zuba su ba suna. A nan sai ku fara da rajistar baftisma ta cocin yankin.